Ɗauri na Takwas

Ranar wata Alhamis ce, a ƙarshen kakar shekarar da nake aji huɗu, na tura ƙyauren ɗakin shan magani na ƙauyenmu da ke gefen Bagwai, wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai ya tare ni tun daga bakin ƙofa. Na durƙusa bayan firji na leƙa 'yar kafar da ake hango wuta. Ɗan harshen wutar nan shuɗi, wanda bai fi farcen yatsa ba, ya tafi, ga ruwan ƙanƙara kwance a siminti. A waje kuwa mata sun fara taruwa gindin darbejiya da goyonsu, don ranar allurar rigakafin ƙyanda ce. Gwaggo Dije, tsohuwar maƙwabciyarmu, ta ji ina kuka wuta ta mutu, sai ga ta da garwashi a tsingaro tana hurawa. "Don wuta ta mutu kike kuka, 'yar nan? Matsa in kunna miki." Saura taku uku ta shigo, Baba ya iso daga tafiya, ya yar da kekensa, ya bige tsingaron daga hannunta. Tunda nake ban taɓa ganin ya ɗaga wa babba ido ba, sai ran nan.

Baba shi ne malamin asibitin ƙauyen, kuma firjin nan shi ne kaɗai a duk karkarar. Ba mu da lantarki, saboda haka da gas yake aiki: wuta a ƙasa, ƙanƙara a sama, abin da na tambayi malamin kimiyyarmu ya ce in bari sai na je sakandare, na kuwa gane shi ma bai san amsar ba. Tsakanin tukunyar gas da firjin akwai tiyo, wanda ya girme ni, ya bushe ya tsattsage kamar dugadugan manomi. Shekarun tsuke bakin aljihu ne, lokacin da ba a yar da komai. Tsohuwar robar tayar keke ita ce likitan gari: da ita ake ɗaure ƙotar fartanya, da silifas, da bakin guga. Da ita Baba ya ɗaure tiyon nan har wuri bakwai, alhali ya fi kowa sanin ba daidai ba ne. Yakan ce, "Roba ba ta gyara tiyo, lallashinsa kawai take yi." Ya rubuta takarda bayan takarda a aiko masa da sabo, amsar kullum ita ce ana duba lamarin. Lamarin ya sha kallo.

Aikina ne duba tiyon. Kowace safiya, bayan na share tsakar gida na zuba wa awaki harawa, sai in ɗauki gashin kaza da ruwan sabulu a gwangwani, in bi tiyon ina shafawa tun daga kan tukunya har gindin firji. Dokar Baba gajera ce: "In kika ga kumfa ta taso, rufe tukunya, buɗe taga, ki kira ni." Ina alfahari da aikin nan ba kaɗan ba. A filin makaranta, in ana carafke aka cinye ni, sai in tuna wa 'yan ajinmu cewa ni ce mai taɓa ƙanƙara da hannu.

Ranar Litinin ta makon nan Baba ya gaji da takarda, ya hau keke ya tafi ofishin manyansa neman tiyon da kansa, ya ce ba zai dawo ba sai sun gaji da ganinsa. Da hantsi na shafa ruwan sabulu, sai ga kumfa tana tasowa a wani sabon wuri, ƙanana a jere kamar ƙwan kwaɗo. Na tsaya ina lissafi irin na 'yar shekara goma. In na rufe tukunya wuta za ta mutu, magani ya lalace. Wanda zan kira kuma ba ya nan. Ga ƙawayena a bakin danga suna ƙwala mini kira mu tafi roron gyaɗa. Na yanko roba, na ja ta da dukan ƙarfina, na ɗaure kamar mai ɗaurin dami. Kumfa ta tsaya. Na kulle ɗakin na bi su, ran Talata da ran Laraba kuma ban ko leƙa ɗakin ba, don gyaɗa ta yi 'ya'ya a shekarar, ni kuma na yarda da ɗaurina. Ban san tsananin jan da na yi ya tsaga tsohon tiyon a gefen ɗaurin ba.

To, ran Alhamis ɗin, bayan Baba ya kori kowa nesa ya buɗe tagogi, ya jima yana kallon ma'aunin zafin da ke cikin firjin. Ya dawo hannu rabbana, ba tiyo, ga shi kuma ba magani. Saratu, wadda ta tako tun asuba daga unguwar masu zuwa coci da tagwayenta, ɗaya a baya ɗaya a kafaɗa, ta ce, "Haba Malam, allura ai allura ce, yi mana hakanan mu tafi." Baba ya ce, "In na yi musu, ruwa na zuba musu, ku koma gida da kwanciyar hankalin ƙarya." A gaban layin nan Inna ce tsaye da ƙanena Habu, wata tara cif, yana wasa da bakin mayafinta. Baba ya haƙa rami bayan ɗakin ya binne kwalaben, sannan ya zo ya bi tiyon da yatsa yana ƙirga ɗauri. Da ya kai na takwas ya dube ni. "Wa ya koya miki?" Na ce, "Kai, Baba." Ya gyaɗa kai. Da ya doke ni, da na fi samun sauƙi.

Ba a aiko wa ɗakin da firjinsa ya mutu magani, don haka muka shiga jira. Ƙyanda ba ta jira ba. Da bazara ta shigo gari, ta bi gida gida tana zaɓen goyo. Habu ya yi kwana takwas idonsa a rufe, jikinsa kamar kaskon tuya, ran na tara da safe aka naɗe shi a ɗan farin ƙyalle. Ɗaya daga tagwayen Saratu ya bi shi bayan mako guda. Gwaggo Dije ce ta riƙa kawo wa Inna kunu, ba ta kuma taɓa tayar da zancen tsingaronta ba. Sabon tiyo ya iso ranar da aka yi ruwan shuka, naɗe a tsohuwar jarida, tsawonsa bai kai kamu uku ba. Mutumin da ya kawo shi ya cire tsohon ya sa sabon kafin furar da aka dama masa ta kwanta.

Yau firjin ƙauyenmu da hasken rana yake aiki, babu mai durƙusawa ya leƙa wuta. Ni kuma na gama shekaruna na koyarwa, ina girki da gas kamar kowa, amma duk shekara sai na sa an canja tiyo ko da ƙalau yake, jikokina suna tsokanata wai Hajiya ta fi mai sayar da tiyon son cinikinsa. Malamai sun gaya mini kwanan Habu ne ya ƙare, na kuma yarda. Sai dai har yanzu in ina wanke-wanke kumfa ta taso, nakan ɗan tsaya. Da Habu yana nan, da yanzu shi ma ya yi furfura.