Hotunan da Yayata Ta Ɗauka Don Likita

Yayata tela ce. Shagonta yana bakin layinmu a Unguwar Kanawa, kekunan ɗinki biyu da teburin yanka, kuma in salla ta matso sai ka rantse rabin matan unguwar a wurinta suke ɗinki. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gida, muka zauna mu uku da Mama. Ni ce auta, ina koyarwa a wata firamare a Unguwar Dosa.

Ranar da aka tabbatar mata cewa ƙullutun da ke ƙirjinta ciwon daji ne, ni kaɗai na raka ta asibiti. Muna fitowa ta riƙe hannuna.

"Auta, kada Mama ta ji yanzu. Kin san hawan jininta. Ni zan gaya mata da bakina in na ga lokaci."

Muka ce wa Mama ƙaramin aiki ne za a yi. Idanun Mama sun yi yana, ba ta gani sosai, shi ya sa ko da gashin Yaya ya zube saboda magani, ɗankwali ya rufa mana asiri.

Bayan aikin, likitar da ke duba ta, mace ce mai kirki, ta ce ba sai ta riƙa wahalar zuwa kullum ba, ta dinga turo hoton wurin ɗinkin ta waya. Yaya takan kulle ɗaki, ta tsaya gaban madubi ta ɗauka. Ko ni ba ta taɓa nuna mini ba.

Wata rana tana wanki wayar ta faɗa cikin baho. Ta kai wa masu gyara a kasuwa. Mai gyaran ya ce sai ta ba shi lambobin buɗewa don ya gwada in ya gama. Ta ba shi, kamar yadda kowa ke bayarwa. Washegari ta karɓo wayarta tana aiki lafiya lau, har tana yaba masa.

Bayan 'yan makonni, wata Asabar da hantsi, ina tankaɗe a tsakar gida, Mama na kan tabarma, sai ga maƙwabciyarmu ta yi sallama da waya a hannu.

"Hajiya, ashe haka 'yarki ta sha fama ba mu sani ba? To alhamdulillahi da ta warke."

Kafin in ajiye rariya ta miƙa wa Mama wayar. Talla ce ta wani mai maganin gargajiya, ana ta yaɗa ta a zaurukan hira na mata. Ga Yaya gaban madubinmu, kai babu gashi, ƙirji a buɗe. A gefe kuma ga wani tsohon hotonta na salla tana dariya. A ƙasa an rubuta wai asibiti sun gaza, maganinsa ya warkar da ita.

Mama ta kai wayar dab da idonta, ta daɗe tana kallo. Ba ta yi kuka ba. Ta mayar wa matar, ta ce ta gode. Sai da matar ta fita ta juyo wurina.

"Kin sani?"

"Na sani, Mama."

"Kira mini ita."

Yaya ta shigo daga shago da tef ɗin awo rataye a wuya. Mama ta ce ta zauna, ta sa hannu ta zame ɗankwalin, ta shafa kan. A nan ne Yaya ta fashe da kuka, irin wanda ban gani ba ko ranar da aka faɗa mata ciwon. Ta ce, "Mama, ciwon daga Allah ne, na karɓa. Amma ni na so in gaya miki."

Na je wurin mai gyaran. Ya yi ta rantsuwa, ya ce su da yawa ne a rumfar, waya takan bi hannu da hannu. Na kira lambar da ke kan tallar, wani mutum ya ce shi ma turo masa aka yi, ya kashe. Na kai ƙorafi a shafukan da na ga hoton. A cire a nan, ya ɓullo a can. Da na ce mu je wurin 'yan sanda, Yaya ta girgiza kai. Ta ce, "In sake nuna wa wasu maza da hannuna?"

Ba ta daɗe ba ta rufe shagon. Mata suna zuwa da atamfa, amma idonsu na kan ƙirjinta, wasu har suna tambayar inda za su samu maganin. Ta ajiye wayar, ta koma amfani da 'yar ƙarama mai madannai. Likita kuwa sai dai mu hau Napep mu je, komai gajiyarta. Da salla 'ya'yan ƙanin Mama suka zo daga Kurmin Mashi suna ɗaukar hotuna, ta shige ɗaki har suka tafi.

Ciwon ya dawo da damina. Mama, da muke tsoron ta faɗi, ita ta yi jinyarta har ƙarshe. Tana lalube tana dama mata kunu, tana shafa mata man zaitun a ƙafa. A cinyarta Yaya ta cika, wata Juma'a bayan la'asar. Allah Ya jiƙanta.

Tallar ba ta tsaya ba. A zangon da ya wuce wata sabuwar malama ta same ni a ofis, ba ta san ko ni wace ce ba. Ta nuna mini hoton, ta ce ƙanwarta ce ke da irin ciwon, suna tunanin barin asibiti su gwada wannan, tunda ga wadda ta warke.

Na ce ta zauna. Na gaya mata wannan yayata ce, ba ta taɓa shan maganin mutumin nan ba, kuma ta rasu. Na roƙe ta kada su bar asibiti, ta kuma goge hoton. Ta goge a gabana tana ba ni haƙuri. Aka buga ƙararrawa, na ɗauki allina na shiga aji.