Waken da Ya Tsira Cikin Buhu

Har yau in na tuna waken nan nawa sai in yi tsaki, ko da kuwa ina cikin dariya.

Maigidana ya yi aikin sojan sama. Ba tuƙi ba, gyaran jirgi. Da ya aje aiki munka dawo Nasarawa Burkullu, wansa, wanda duk gida muke ce ma Alhaji, ya jawo shi cikin fataucin hatsi. Alhaji ke da motar katako, shi ke da magana, kuma in ya faɗa an gama.

Ni ban yi boko ba, ba ni kuma son fita, amma ɗakina na jingine da zaure, kunnena ko ba ya barci. Nan nike jin maigidan yana ba su labarin barikin. Wai can, in babba ya ba ka umurni sai ka maimaita mashi da bakinka, don a tabbata abin da ya faɗa shi ka ji. Wai ko ƙaramin makanike in ya ga abin da bai yarda da shi ba, ya ce jirgin ga ba ya tashi, mai anini a kafaɗa dole ya sauko. In an dawo kuma a shiga ɗaki, kowa ya tuɓe hula, babban shi ka fara faɗin kuskurensa.

"Yaya," in ji shi, "mu ma mu riƙa haka in an dawo kasuwa."

Alhaji ya yi dariya har da tari. "Soja, buhu ba shi da fiffike. Ka taɓa ganin dawa ta faɗo daga sama?" Zaure ya kwashe da dariya.

Da ya rasa wanda zai horar, sai ya dawo kaina. "Ke, mi na ce?" In ce, "Ka ce miya ta yi gishiri, ranka ya daɗe, an ji an maimaita." Wallahi ina son abin. Na ɗauka Allah ya ba ni mijin da bakinsa ba ya rawa gaban kowa.

Shekarar nan gayaunata, 'yar gonar da nike nomawa, ta yi wake. Na adana shi da toka, na hana ido barci kan ƙwari, na ƙi sayarwa da kaka, sai damina ta yi tsaka ya yi daraja. Shi ne ƙarfina na shekara guda. Alhaji ya ce a haɗa da dawarsa a kai Gummi. Nawa anka fara lodawa, ƙasa ke nan, dawa bisa.

Kwana biyu ana ruwa. Da safe direban motar ya shigo zaure, dattijo ne mutumin Gwashi, hanyar nan ya san ta kamar tafin hannunsa. Ya gaishe su, kana ya ce, "Alhaji, an dai yi ruwa can gabas, ba kaɗan ba."

Duk wanda anka haifa ƙasar ga ya san mi wannan ke nufi. Rafi ya cika, kada a tafi. Haka muke cewa a'a gaban manya.

"Ruwa rahama ne," in ji Alhaji. "Ka isa kafin kasuwa ta watse."

"To, Alhaji."

Na aje muciya ina jiran muryar maigidan. Na ji ya yi gyaran murya. Na ce yauwa, ga sojan sama nan tafe. Sai na ji, "Allah shi kiyaye hanya." Shi ke nan. Mutumin da ya cika mani kunne da ƙaramin makanike! Ni ma ban ce komi ba, matar ƙane ba ta jefa magana zaure. Mu uku munka sani, mu uku munka yi gum.

Motar ta kafe tsakiyar mashigi, ruwa ya hau har bodi. Kwana uku kafin a samo tarakta ta jawo ta. Dawar Alhaji ta sha iska bisa, lafiya lau. Wakena ya kumbura ya fasa buhuna, ya fidda tsiro fari fat kamar haƙoran jariri, ga wari.

Da hantsi Alhaji ya tara su, ya zage direban tas, ya karɓe makulli. A nan ne maigidan ya tashi, anka ce har ya tuɓe hula. "Yaya, laifin farko nawa ne. Na gane abin da yake faɗi, na yi shiru."

"Maida hularka, Soja. Nan gidan ubanmu ne, ba bariki ba."

Ya maida. Direban ya tafi Gwashi da ƙafa, bai ƙara dawowa ba.

Da ya shigo ɗaki ban ba shi ruwa ba. Na ce, "Malam, can da kake tsaida jirgi, ashe don ba wanka ke ciki ba ne?" Ya ce, "Ke ba ki gane ba. Shi ya goya ni." Na ce na gane sarai, goyon ne ya ci mani wake. Tuɓe hula bayan ɓarna ko ɓarawo yana iyawa.

Ban tsaya nan ba. Na jawo ƙwarya na cika da waken, na fito na tsaya bayan ƙofar zaure, na tura ta ciki da ƙafa. Na ce da ƙarfi, "Alhaji, ga rahama an kawo." Surukata, Inna, ta riƙe baki, wata guda ba ta amsa gaisuwata ba. Alhaji bai ce in yi haƙuri ba har ya bar duniya.

Sauran na zuba ma awaki. Sunka shinshina, sunka juya.