Sale Kuran da Ƙwayar da Ido Ba Ya Gani

Duk wanda ya san yayana Sale, wanda kuke kira Sale Kuran saboda son zancen wutar lantarki, ya san ba ya karɓar batir sai ya ɗora shi a harshe. Ya lumshe ido ya ce, "Wanga da sauran rai." Shekara ashirin ina sayar da albasa a jikin rumfarsa ta gyaran rediyo a kasuwar Malanville, kuma wallahi na gaji. Ba albasa ce ta gajiyar da ni ba, bayani ne.

A ƙasar Turawa ya yi karatu. Aikinsa, wai a ɗauki wata ƙwaya guda da ido ba ya gani, shi yana ce mata molekil, a maƙala ta tsakanin zaren zinariya biyu, a auna yadda wuta ke ratsa ta. Wai da irinta za a ƙera na'urorin gobe. Saura ƙiris ya gama, Baba ya kwanta ciwo, ya dawo jinya, bai sake komawa ba. Tun daga nan burinsa ɗaya ne: kafin ya mutu, mutum guda a garin nan ya gane abin da ya yi. Tsautsayi ya sa ni ne mafi kusa.

"Isa, ka ga gadar Gaya? Nan zinariya, can zinariya, gadar ita ce ƙwayar."

"To duwan hwa, 'yan kwastan na bakin gadar?"

"Madalla! Duwan shi ne abin da ka tare wutar!"

Ni da na yi tambayar don in kashe magana, sai na jawo wa kaina awa biyu, masu sayen albasa suna wucewa ina kallo.

Kun tuna ɗan kunnen matarsa Hajo? Ɗaya ya ɓace, ta birkice gida da nema. Ashe gogan ya kai wa maƙerin zinariya ya ja masa shi siriri kamar gashi. Wai in ana jan zaren a hankali, daf da zai tsinke, wutar za ta riƙa faɗuwa mataki-mataki, zai nuna mini da idona. Ya haɗa wayoyinsa, ya ce kada in yi numfashi. Sai wani ɗan kabu-kabu ya wuce a guje, rumfa ta girgiza, zare ya tsinke. Muna ɗaga kai, ga Hajo tsaye, kunne ɗaya fayau.

"Malam, ina ɗan kunnena?"

"Ya yi ma ilimi hidima."

"To ilimin ya dahwa maka tuwo."

Kwana uku yana cin tuwo a gidana, yana bayani da baki cike.

Lokacin da aka rufe gada, mutane suka koma hayewa a kwale-kwale, kowa na kukan ciniki, shi kuwa kamar an yi masa bushara. Ya tare a bakin kogi da littafi yana ƙirga jirage: inda ruwa ya matse da yawa ke hayewa, inda ya yi faɗi sai ɗai-ɗai. Wai haka wuta ke yi a cikin ƙwayarsa. Jandarma suka ga dattijo yana rubuce-rubuce a bakin iyaka, suka yi awon gaba da shi. Na ruga ofishinsu, takalma a hannu. Ina shiga na tarar da babbansu ya yi tagumi, Sale na tsaye yana zane a bango da gawayi.

"Ɗan'uwanka ne? Don Allah tahi da shi. Tun azahar ba mu tambaye shi komi ba, shi ka tambayarmu."

A hanya Sale ya ce, "Shi ma bai gane ba, amma ya hi ka ƙoƙari."

Da ciwo ya kwantar da shi a asibiti, sai ya daina bayani. Wannan shirun ne ya tsorata ni. Wata safiya ya riƙe hannuna ya ce, "Isa, na haƙura. Da abina zan tahi."

Ban san sadda bakina ya buɗe ba. Na ce, "Yaya, wutar ba ta jiran a buɗe mata hanya, ratsawa takai. In ƙwayar gajera ce, da yawa ka wucewa. In an ƙara mata tsawo kaɗan, raguwar ba kaɗan ba ce, ninki ce bisa ninki."

Ya zuba mini ido har hawaye suka gangaro.

"Tun yaushe ka gane?"

"An yi shekara goma."

"Kai! To mi ya sa ka bar ni ina ta wahala?"

"Tsoro na ji ka ɗauko wani sabon karatun."

Ya yi dariya har ya sarƙe, sai da ma'aikaciyar jinya ta kore ni waje. Bayan kwana biyu Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu rumfar a rufe take, ba mai hana ni ciniki, kuma gajiyar ta fi ta da. Allah ya jiƙanka, Yaya Sale, ya haskaka makwancinka. Ni kuma ya yafe mini shekara goman da na bar ka kana jira.