Kwamfutar Da Ta So Ta Gagari Yahuza

Yahuza bai taɓa zama ajin koyon gyara ba. Da rediyon mahaifinsa ya fara yana ɗan shekara goma sha biyu: ya kwance ta, ya sha duka, ya mayar da ita, ta yi magana. Daga rediyo ya koma waya, daga waya ya hau kwamfuta, har ya kafa rumfa a bakin kasuwar Makarfi. Ba shi da surutu, ba shi da allon talla. Jarinsa magana ɗaya ce da mutane ke yi a kansa: abin da ya fita daga hannun Yahuza ba ya dawowa.

Kwamfutar Ashafa ta dawo sau uku.

Ashafa yayan Mukarrama matar Yahuza ne, mai shagon taki da maganin feshi a Kudan. Kullum bayan la'asar sai a ture buhuna gefe, a ɗora kwamfuta a kan tebur, magidanta masu furfura a gemu su zauna buga wasan ƙwallo biyu-biyu. Shekara biyu ba a taɓa cin Ashafa ba. Akwai kuma doka a shagon, shi ya kafa ta, tunda shagonsa ne, kwamfutarsa ce, solarsa ce: duk wasan da hoto ya fara tsaitsayawa, 'yan ƙwallo na gudu suna cijewa kamar tsohon babur a hawan tudu, to an soke shi, ba a ƙirga shi.

Abokan wasan ne suka matsa a kai ta gyara. Zuwan farko Yahuza ya buɗe ta ya hure fankar, ya fitar da ƙaiƙayin da zai ishi kaza karin kumallo. Zuwa na biyu ya rage nauyin hoton, ya goge tarkacen da ke tashi a ɓoye suna cin ƙarfinta. Na uku ya ƙara mata ƙwaƙwalwa. Kowane karo yakan jona ta a rumfarsa ya buga awa guda, tana tafiya sumul. Kwana biyu sai a kira shi: ta koma.

Maganar ta biyo motocin rake ta iso Makarfi. Wani da ya saba kawo masa waya ya wuce ta gaban rumfar, ya gaishe shi har da tambayar iyali, sannan ya miƙa wayar ga mai gyaran da ke gaba.

"Ka bar masa kayarsa mana," in ji Mukarrama. "Yaya tun muna yara in an kusa cinye shi a dara sai akuya ta bi ta kan ramukan."

"Akuya kuma?"

"Tasa ce. Shi ke kiran ta."

Ran Asabar Yahuza ya rufe rumfa da wuri, ya hau babur ya nufi Kudan.

"A'a, Injiniya da kansa," in ji Ashafa bayan an gama gaisawa. "Yau za ka yi mata tofi ne?"

"Kallo na zo yi, Yaya."

Ya samu buhun taki ya zauna a gefe. Ashafa ya ci mutum biyu a jere, hoto bai ko girgiza ba. Sai Musa direba ya karɓa. Minti kaɗan ya zura ɗaya, ya ƙara ta biyu. A nan Yahuza ya ga hasken fuskar kwamfutar ya ɗan dusashe, 'yan ƙwallo suka fara cijewa.

"To, ga ta nan," in ji Ashafa, ya ajiye abin bugawa yana girgiza kai. "Musa, ka yi haƙuri. Ba rabonka."

"Kullum rabona a bakin raga yake mutuwa," in ji Musa.

Yahuza bai kalli kwamfutar ba, ƙarƙashin tebur ya kalla. Can ya ga soket ɗin da aka jona caja, da takalmin Ashafa a gefe, da babban yatsan ƙafarsa kwance a kan makunnin. In aka yanke mata wuta, kwamfutar takan koma kan batir, ta rage ƙarfinta don tattali. Lafiyarta ƙalau. Abin da aka ce ta yi take yi.

Ya daɗe yana kallon yatsan. In ya faɗa, ya tsinka yayan matarsa a gaban abokansa, kuma gidan surukai ba wurin da ake cin nasara a dawo lafiya ba ne. In ya yi shiru, rumfarsa ce za ta ci gaba da amsa gaisuwa ba aiki. A can ƙasan ransa kuma akwai wani abu da ba zai gaya wa ko Mukarrama ba: tun ranar da ya je neman aurenta Ashafa ke kiran sa Injiniya da wannan muryar ta shaguɓe.

"Yaya, a ba ni ita minti biyu."

Bai kwance ko noti ɗaya ba. Ya shiga wurin saitin wuta, ya umarce ta da ta yi aiki da cikakken ƙarfi ko da caja ko babu, haskenta ma kada ya ragu. Ya mayar da ita kan tebur.

"Shi ke nan?" in ji Ashafa.

"Shi ke nan. A sake bugawa."

Musa ya sake zura ɗaya. Ya ƙara. Yahuza ya ji ɗan ƙaran makunni a ƙarƙashin tebur, ƙas. 'Yan ƙwallo suka ci gaba da gudu. Ya sake jin ƙas, ƙas. Ashafa ya ɗago ya dube shi, shi kuma ya duƙufa karanta rubutun jikin buhun taki.

Huɗu da nema aka tashi. Musa ya miƙe ya zagaya shagon yana gaisawa da kowa, har da wanda ya shigo sayen maganin ciyawa.

"Me ke damunta ne, Injiniya?" wani ya tambaya.

"Wuta ce ke ɗan kuɓuce mata," in ji Yahuza. "Yanzu ko ta kuɓuce ba komai."

Ashafa ya sa takalminsa. "Gyara ya yi kyau," in ji shi, ba tare da ya dubi kowa ba.

Kwamfutar ba ta sake dawowa Makarfi ba, mai wayar nan kuwa ya dawo. Sati biyu bayan haka Mukarrama ta je Kudan suna, ta zo da labarin cewa Yaya ya daina buga wasan. Ya ce hasken yana taɓa masa ido.