Ranar da Baba Tsaya-Tukuna Ya Kora Dogo Gida

Bakwai saura kwata yake buɗe shagon waldarsa, yau shekara talatin da takwas ke nan. Ba ya kunna komai tukuna. Sai ya share bakin ƙofa, ya jera sandunan walda a kan benci, ya goge gilashin kare ido da gefen rigarsa, sannan ya zauna a kan wata tsohuwar taya ya karanta Maganar Allah, ya sunkuyar da kai. In ka zo masa da aiki a wannan lokacin, komai gaggawarka, hannu kawai zai ɗaga maka ya ce ka tsaya tukuna. Daga nan sunan ya bi shi. Duk layin, daga mai faci har mai gyaran waya, Baba Tsaya-Tukuna ake ce masa, kuma yana amsawa.

Da tsakar rana kuma, ko aiki ya kai wuya, sai ya kashe janareta na rabin awa. Ma'aikata su ci abinci, shi ya yi addu'a. Mai faci yakan tsokane shi cewa janaretan nan ya fi wasu masu zuwa coci ibada. Baba ya yi dariya, ya ce Yesu ma yakan bar taro ya keɓe alhali marasa lafiya na jiransa, to shi wane ne da ƙofar gareji za ta hana shi numfashi.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, ido ya gaji. Kafin ya miƙa makulli, ya kamata a faɗi abin da mutanen layin suka gani da idonsu bara waccan.

Wani ƙaramin asibitin haihuwa ne ya ba shi aikin gadaje ashirin, a gama cikin kwana goma. Babban ma'aikacinsa a lokacin Dogo ne, magidanci mai 'ya'ya uku, mai hannu kamar inji. Burin Dogo ya buɗe shagon kansa, don haka bayan an tashi sai ya tsaya yin tagogin da ya karɓa a gefe. Lahadi ma aiki. Coci ya daina ganinsa, gida ma haka, don a kan kwali yake kwana a shagon. Ido ya yi ja, magana kaɗan sai tsawa.

A rana ta shida, Dogo ya fita sayen fenti, sai ga matarsa da ƙaramin ɗansu a hannu. Ta durƙusa ta gaida Baba, ta gaya masa yaron ya yi kwana biyu da zazzaɓi, ita kaɗai ta yi ta jigila da shi, manyan kuma har sun fara tambaya ko babansu tafiya ya yi. Ta ce ran Asabar za ta kwashe su ta koma gidan yayanta. Baba ya tambaye ta ko faɗa suka yi.

"Baba, ai sai an ga mutum ake faɗa da shi."

"'Yata, ki ba ni zuwa Asabar ɗin," in ji shi.

Baba yana da yadda yake duba aiki. Duk abin da aka haɗa, sai ya bi kowace gaɓa da ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasawa, kunnensa a kusa. Walda mai kyau amonta tar yake fita, wadda gajiyayyen hannu ya yi kuwa a dushe take amsawa. Washegari da safe ya bi gadajen ɗaya bayan ɗaya. Bakwai suka amsa a dushe. Na takwas, da ya ɗan ƙara ƙarfin bugun, ƙafar ta ɓalle ta faɗi ƙasa.

Dogo ya hau sama, ya ce laifin ƙarfen ne, laifin wuta ne, kuma fenti zai rufe komai. Baba ya miƙe. Ya je ya kashe janareta, ƙarfe goma na safe, abin da bai taɓa yi ba. Layin ya yi tsit har mutane suka leƙo.

Ya zaunar da Dogo ya ba shi labarin da ba mu taɓa ji ba. Ya ce yana da shekara arba'in ya yanke jiki ya faɗi a nan bakin bencin, hawan jini. Da ya farfaɗo a asibiti, 'yarsa ta fari ta tsaya can nesa tana kallonsa kamar baƙo. A kan gadon nan ya roƙi Ubangiji gafara, ya sake jera rayuwarsa: Allah a gaba, gida na biye, aiki ya bi sahu. Ya ce tun daga ranar aikinsa ma ya fi kyau, don mutumin da ya miƙa wa Allah damuwar gobe hannunsa ba ya rawa.

"Mace mai naƙuda za ta hau gadon nan, Dogo. Kuma taka matar ran Asabar za ta tafi. Ajiye gilashin, ka je gida. Kwana uku kada in ga ƙeyarka."

"Maigida, aikin fa?"

"Aikin nawa ne, ni na karɓa. Gidan kuwa ba wanda zai gyara maka shi."

A gaban kowa ya buga wa babbar ungozomar asibitin waya, ya gaya mata gaskiya: gadaje takwas sun lalace a shagonsa, za a makara da kwana huɗu. Bai ambaci sunan kowa ba. Ta yi faɗa sosai, ta ce aikin kujerun da ta yi niyyar ba shi wani za ta kai wa. Ya ce ta yi daidai, ya ba ta haƙuri. Aikin kujerun kuwa bai dawo ba. Baba, dattijo mai shekara sittin da 'yan kai, ya yanke gaɓoɓin nan duka ya sake haɗa su da hannunsa, kuma ko sau ɗaya bai fasa hutun tsakar rana ba.

Asabar ta zo ta wuce, matar Dogo ba ta tafi ba. Ba a rana ɗaya suka shirya ba, ta yi makonni tana ba shi amsa da e ko a'a. Amma Dogo ya mayar da tagogin da ba zai iya ba ga masu su, ya koma kwana a ɗakinsa, wata Lahadi kuma aka gan su su biyar a benci ɗaya a coci, ƙaramin yana barci a kafaɗarsa.

Baba, kai ne ka yarda ka yi asarar aiki don kada gidan wani ya watse. Kai ne ka nuna wa masu zafin kai irina, da muke tsalle daga wannan sana'a zuwa waccan kamar ana korarmu, cewa bangaskiya ba ta ranar Lahadi kaɗai ba ce, ita ke gaya wa mutum abin da zai ɗauka da abin da zai ajiye. Mun gode. Ubangiji ya ba ka hutu mai daɗi, ya ƙara wa idonka haske.

Mu kuma da muka rage a layin, kada jinjinar ta tsaya a baki. Duk wanda ke da mutane a ƙarƙashinsa, ya dubi fuskarsu kafin ya dubi aikinsu. Wanda kuma ya san an daɗe ana jiransa a gida, ya rufe shago yau da sauran rana, ya tafi.