Aikin Tumbi Ya Sauya Min Hanji, Ya Sauya Min Ciwon Suga

Assalamu alaikum. Wata tara ke nan ban ce uffan ba a shafin nan. Masu saƙon tambaya, na gani, ƙarfin amsawa ne babu. Yau ga bayani.

Waɗanda suka san ni a Talata Mafara sun san abu biyu: ina noman shinkafa a filayen ruwan Bakolori, kuma na daɗe da ciwon suga. Kullum ƙwaya safe da yamma.

Abin da ba su sani ba shi ne gyambon ciki. Shekaru ina danne shi da kanwa da maganin kemis. Bara sai ya sauya salo. In na ci tuwo da rana, da la'asar sai in amayar da shi kamar yadda na haɗiye. Wandona ya fara zamewa.

A babban asibiti a Sakkwato aka zura min roba mai kyamara ta baki. Likita ya ce tabon gyambon ya toshe mafitar tumbi, abinci ba ya wucewa. Za a yanke wani sashe, a haɗa sauran da hanji kai tsaye.

Na ji tsoro ƙwarai. Na sayar da shinkafar da na ajiye da bijimi guda, na kira ƙanena na nuna masa iyakokin gonata, ko da ta Allah za ta kasance.

Aka yi aiki lafiya. Kwana biyar ba ci ba sha, sai ƙarin ruwa da allurai, da roba a hanci. Kowace safiya tambayar likitoci ɗaya ce: "Ka yi tusa?" Ranar da na ce e, matata Hadiza har sai da ta yi hamdala a fili, duk ɗakin aka yi dariya.

Na zaci an gama. Ashe a gida jinyar take.

Cikina ya riƙa kumbura yana ƙugi kamar injin ban ruwa. Zawo ba ƙaƙƙautawa. In na sha shayi mai zaƙi ko fura da sukari, sai gumi ya karyo min, zuciya ta yi ta bugawa. Na daina zuwa jam'i don kunya. Wannan ya fi ɗinkin ciwo.

Duk da haka ban fasa shan ƙwayar suga yadda na saba ba.

Wata safiya na lallaɓa in duba masu dashe. A bakin kanal ɗin ban ruwa idona ya rufe. Aka kawo ni gida a babur ina sambatu. Maƙwabciyarmu Maman Dauda, nas ce Kirista da ta shekara da shekaru a unguwarmu, ta shigo da na'urarta ta soki yatsana.

Ta ce, "Baban Hafsa, suganka ba hawa ya yi ba, faɗuwa ya yi. Maman Hafsa, kawo zuma maza."

Da na dawo hayyacina ta ce, "Gobe ka koma wurin likitanka, ka tafi da ƙwayoyin nan duka."

Likitan ya zana min hoto a bayan takarda. Ya ce a hanjin kowa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu taya mu narkar da abinci, har da hannunsu a yadda jiki ke sarrafa suga. Aikin ya sauya hanyar abinci, ya rage tsamin tumbi, allurai kuma sun kashe halittun, na kirki da na banza. Wasu sun yi yawa inda bai kamata ba, su ke kawo kumburin. Sabuwar hanyar kuma ta sa sugana ya sauka, ƙwayar da nake sha ta yi min yawa.

"Ba warkewa ka yi ba, Malam," in ji shi. "Ciwon ya lafa ne. Za mu riƙa sa masa ido."

Ya rage min ƙwayar, ya ba ni maganin mako ɗaya na kumburin, da allurar ƙarin jini lokaci-lokaci. Ya ce in ci kaɗan-kaɗan sau shida, kada in sha ruwa a kan abinci, in bar zaƙi. In jarraba kindirmo marar sukari, da zogale, da wake a hankali.

Yayata Asabe da ke aure a Damaga ta ji labari. Ta ce, "In dai nono ne, wanga ba abin damuwa ba ne, shanu na nan." Duk ranar kasuwa sai ƙwarya ta iso.

Cokali biyu na fara. Bayan makonni cikin ya yi shiru. Na koma sahun gaba a masallaci. A wata na shida, bayan gwaji uku a jere, likita ya ce in ajiye ƙwayar suga gaba ɗaya, in ci gaba da awo.

Makon jiya da hannuna na yanki shinkafa tun hantsi har azahar, na ɗora buhu a kan amalanke ba wanda ya kama min.

Alhamdu lillahi. Na gode wa Hadiza da ta sha wanki ba ta taɓa ɓata fuska ba, da Yaya Asabe, da likitocin da suka yi haƙuri da tambayoyina. Maman Dauda, Allah Ya saka, Ya raya miki zuriya.

Shawarata: amai bayan cin abinci ba na kanwa ba ne, ku je asibiti. In an yi muku aikin ciki kuna da suga, ku tambayi likita batun ƙwaya kafin a sallame ku. Kada wani ya ajiye maganinsa don ya karanta nawa, jiki ba ɗaya ba ne.

Kuma zawo da kumburi ba abin ɓoyewa ba ne. Wata biyu na yi ina jin nauyin faɗa, likita ya gane matsalar kafin in rufe baki.