Idon Ɗiyar Fari

Tun ranar suna idon hagun ɗiyata ke zubar da hawaye, ko tana dariya. Da safe kwantsa ta liƙe shi, da rana ƙudaje su yi masa sansani. Ita ce ta fari, ɗan fari kuwa a wajenmu ba a faɗin sunansa, ba a nuna an damu da shi. Shekara huɗu ina satar kallon idon nan ta gefe, ina gogewa da bakin zane in ba kowa, ina tsoron kar ya mutu.

Mijina na Abijan wajen biɗar kuɗi. Magana duk tana hannun yayansa, wanda ya taɓa yin wata uku yana gadi a Yamai, ya dawo garinmu Tabotaki da kalmomin Faransanci biyar da tabarau mai ido ɗaya a tsage. Shi ya ce a ɗiga nono a idon, aka ɗiga. Ya ce ruwan albasa, yarinya ta wuni tana ihu. Da gefen hancinta ya kumbura kamar ƙwan tantabara, sai ya yarda mu tafi asibitin mishan, shi ma don yana da albasar da zai sayar a hanya.

Mun yi sa'a wani baƙon lokotoron ido ya zo. Ya danna kumburin, ruwa ya fito ta ido. Wata ma'aikaciya Kirista, mai harshen Adar irin namu, ta fassara mana cewa hawaye na da hanyar da suke bi su sauka cikin hanci, tata ce ta toshe. Ya nuna mana wani siririn ƙarfe mai haske a baki, ya ce ta hanci zai shiga ya buɗe, ba za a tsaga fuska ba. Sai dai wani nata ya dangwala hannu a takarda, kuma jibi zai koma ƙasarsu.

Yaya ya gyara tabarau ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce ido ke ciwo, mi ya kai mutum hanci? In jakinka ya yi ɗingishi, wutsiya za ka ɗaure? Ya zubo Faransancinsa biyar, lokotoro bai gane ko ɗaya ba. Sannan Yaya ya ce mu tashi.

Ni dai ƙasa nake kallo, ina mamakin ƙato mai gemu. Duk macen da ta taɓa rangaɗa kwalli ta fyace majina ta ga baƙi, ta san ido da hanci maƙwabta ne. Na kuma daɗe da lura in yarinyar na kuka, ƙofar hancinta ta dama ce ke yawan zuba.

Ma'aikaciyar ta duba mu, ta tambaya ko ni ce uwar. Yaya ya amsa cewa wannan ba ta da ta cewa, ta fari ce, ko sunanta ba ta kira.

"Yaya, ka yi haƙuri," na ce. "Ɗiyata ce. Ni na haihe ta. A ba ni takardar."

Na kira sunanta a gabansa, na ɗora ta a cinya, na dangwala yatsa. Ya ce in ta mutu in san abin da zan gaya wa ƙanensa, ya fita neman mai sayen albasa.

Bayan an yi aikin, kwana biyu hancin na ɗan zubar da jini. A na uku ta tashi ido buɗe, ba kwantsa.

Kafin mu iso gida labarin rashin kunyata ya riga mu. Mata suka yi ta yi da ni a bakin rijiya har aka girbe hatsi. Yaya kuma ya zauna gindin gawo yana koya wa maza yadda ido ke haɗe da hanci, da tsinke yana zanawa a ƙasa. A zanensa ma, hanyar kunne ta nufa.